Bagobirin da Ke Gudun Tana

Tsoron tana nake yi. Gara in faɗa tun da wuri kafin bakina ya sake yi mini wayo, domin na daɗe ina kewaya wannan magana, kuma kewayen ya ci mini kuɗi. Tana dai wadda kuka sani, mai fitowa bayan ruwan sama. Ba ta da haƙori, ba ta da dafi, ko idon da za ta harari mutum babu. Kaza na haɗiye ta ba bisimilla. Yaron da bai fara sa wando ba yana cika gwangwanin madara da ita. Ni kuwa, malamin makaranta mai furfura a gemu, in ta motsa a tafin hannuna sai tsikar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya, cikina ya juya, yatsuna su buɗe da kansu ba da izinina ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne fuskata. Zanen Gobirawa ne a kumatuna, wanzami ya ja shi tun ina jinjiri, kuma duk inda na shiga, daga tashar Sakkwato har Kantin Kwari, kafin in yi sallama an san inda na fito. Mu kuwa da taurin rai aka san mu, kuma ba mu gajiya da tuna wa mutane. Kufan Alƙalawa na nan kusa da mu. In na zo wurin a darasin tarihi murya nake ɗagawa: Bawa Jan Gwarzo, faɗuwar birni a 1808, yadda Gobirawa suka ƙi sunkuyar da kai suka sake haɗuwa a Tsibiri, yadda daga baya aka kafa Sabon Birni. Yara na kallona da girmamawa. Kuma ba ƙarya nake yi musu duka ba. Na sha kashe kunama da silifa, na taɓa riƙe wa mahauci ƙahon bijimi, ƙayar kurungu ta shige mini yatsa ban ce uffan ba. Tana ce kaɗai ta gagare ni.

Da ba na son fatsa, da asirina ya rufu har kabari. To amma Allah ya jarrabe ni da son zaman bakin ruwa. Wanda ya tashi tsakanin Isa da Sabon Birni ya san yadda ƙasar nan ke komawa in damina ta ja jiki. Bunsuru da Gagare sun gangaro daga ƙasar Katsina da Zamfara, gulbin Maraɗi ya leƙa Nijar ya gaida Madarunfa da Tsibiri ya dawo mana, duka su zube a Rima. Cikin Agusta ruwa ya haye gaɓa ya mamaye fadama, kifi ya bi shi cikin ciyawa da gonakin shinkafa, ya yi ƙwai, ya ci ya yi ƙiba. Daga ƙarshen Satumba, lokacin da ake yankan gero ana ɗaurin dami, gulbi ya fara ja da baya, ya bar tafkuna da kududdufai cike da kifin da bai ankara da hanyar komawa ba. Kakar masunta ke nan. Mai birgi na jifa, mai kalli ya shimfiɗa nasa, mai gura ya jera ta a mashigi da dusa a ciki, mai mamari ya ɗaure igiyarsa ya tafi gida ya kwanta. Yara kuma ga su birjik a gaɓa, kowa da ɗan reshe, da zaren lilo, da ƙugiya, da guntun tsohon silifa mai nuna kifi ya taɓa. A gefen kowane yaro kuwa akwai gwangwani, kun san abin da ke ciki.

Muna yara ƙanena ke soka mini koto. Na gaya masa ladabi ne, yana cikin hidimar da ƙane ke yi wa wansa, ya kuwa yarda har ya yi wayo ya fara tafiya ci-rani. Daga nan na jingine fatsa shekaru masu yawa. Magidanci ba ya miƙa wa wani ƙugiya ya ce sa mini.

Sai waya mai shafawa ta shigo. A cikinta na ga Amurkawa, ƙarti majiya ƙarfi, tsaye a jiragen ruwa masu inji suna fizgo wani kifi da suke kira bas, koren baya, baki wangame, kuma ba wanda ya taɓa abu mai rai da hannunsa kafin ya jefa. Kotonsu na katako ne, ko roba, ko ƙarfe. A jefa, a naɗo zare, ɗan kifin ƙarya ya taho yana rangaji, babban ya kawo masa cafka. Na kalli wannan na ce alhamdu lillahi, ashe an daɗe da ƙirƙiro maganin cutata ina nan zaune.

Ban tsaya kallo kawai ba, karatu na shiga, irin wanda ban yi wa jarrabawar zama malami ba. Na haddace labarin Lauri Rapala, masuncin Finlan da ya lura a 1936 cewa in babban kifi ya faɗa wa garken ƙanana, mai tangaɗi yake zaɓa. Ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itacen da ake toshe kwalba, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga, kuma har gobe sunansa ne a kan koton da ya fi suna a duniya. Na san George Perry, manomin jihar Jojiya da ya kama bas mai nauyin kilo 10 da ɗoriya a 1932 da koton katako, ya kai gida aka cinye. Na san sai a 2009 wani Bajafane, Manabu Kurita, ya kama bas mai irin wannan nauyi a tafkin Biwa. Akwai abu ɗaya a labarin Kurita da ban taɓa faɗa a majalisa ba: da kifi mai rai ya yi nasa koton.

Abin da ya fi rinjayata shi ne maganar lokaci. Farkon kakarsu, Satumba zuwa Oktoba, yana cikin lokutan da suka fi ɗoki. Ruwan tafki ya fara sanyi, ƙananan kifaye su taso garke-garke zuwa inda ba zurfi, bas ya biyo su yana cika ciki kafin sanyi ya kankama. Na ce ai shi ke nan, kakarsu kakarmu, wata ɗaya muke dubawa. Na kira ɗan yayana da ke karatu a Sakkwato ya fara yi mini oda ta intanet, direbobin hanyarmu na kawo mini a ƙunshe.

Bari in buɗe muku akwatin, don ko ni wani lokaci rufe ɗaki nake in buɗe shi in yi ta kallo. Akwai mai leɓen roba a gaba, wanda in an ja shi yake nutsewa yana kaɗa wutsiya. Akwai mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya. Akwai mai baki kwarkwaɓe da ke yawo a saman ruwa, in an fizge shi ya ce ɓul. Akwai mai 'yan duwatsu a ciki da ke kacau-kacau. Akwai kwaɗon roba kore shar mai ƙafafun zare. Kowanne da idonsa ja ko ruwan zinariya, kusan duka da ƙugiya mai baki uku a ciki da wutsiya. Rabinsu jabu ne, fenti na barin jikinsu tun a wankan farko. Ga kuma sanda mai injin naɗe zare, wadda sai da na yi kwanaki ina koyon jifa da ita a filin makaranta bayan an tashi, na kama reshen dogon yaro, na kama rigar maigadi. Kuɗin da ke kwance cikin wannan akwati ban taɓa tarawa ba, kuma ina roƙon kada kowa ya tara mini.

Da kaya suka cika sai na koma wa'azi. A majalisar mai shayi na bayyana cewa fatsa da tana aikin yara ne, kowane sakarai na iya ba mayunwaci abinci ya kama shi, gwaninta ita ce ka sa kifi ya ciji katako. Har tausayi na shigo da shi. Na ce wane laifi tana ta yi da za a soke ta da rai? Ni da ke kayar da rago da hannuna kowace Layya, in tsaya a kan mai fiɗa ina nuna masa inda zai fara.

Akwai wani dattijon masunci da na tarar a bakin wani tafki, yana gyaran kalli a inuwa. Ya bar ni na yi ta jifa ina naɗowa har rana ta take, sannan ya yafito ni. Ya karɓi mai leɓen robar, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci ya shinshina.

“Malam, wanga kihi naka ba shi da wari.”

Na ce, “Ai ba wari ake so ba, Baba. Ido ake yaudara.”

Bai ce komai ba. Ya matsa bakin ruwa ya tsoma hannunsa har wuyan hannu.

“Kana ganin yatsuna?”

Na ce a'a.

“To shi kihin, da wane ido za shi ganin naka?”

Na buɗe baki zan kawo masa Finlan, na ga ba hanya. Gaskiyarsa ce, kuma duk tana cikin abin da na karanta, na dai tsallake ta ne don ba ta yi mini daɗi ba. Ruwanmu na farkon kaka jawur yake da laka, sai hunturu ya shigo yake fara kwantawa. Nasu na hucewa a Oktoba, namu kuwa lokacin ne rana ke dawowa da fushinta bayan hadari ya ɗauke. Sannan mazauna kududdufanmu ba mafarautan ido ba ne. Tarwaɗa da ramboshi da kurungu da gashin baki suke lalube a ƙasa, tarwaɗa ma har fatarta na jin ɗanɗano, in ta shafi katako ta san katako ne ta wuce. Karfasa gansakuka take kiwo. Balli tace laka yake yi. Gaiwa kuwa tana can tana shirin binne kanta a taɓo ta kwana har wata damina. Duk cikinsu ba wanda ke da dalilin bin wani abu mai ƙyalli da gudu. Tana kuwa tana wari, tana motsi, tana da daɗi a bakinsu, kuma ita ce abin da ambaliya ta saba kawo musu daga gonaki.

Masu bin kifi da gudu muna da su: giwan ruwa, da tsage mai haƙora a waje, da tufi da ke laɓewa cikin ciyawa. Giwan ruwa shi ne ainihin wanda aka yi waɗannan kayan dominsa a nahiyarmu, har Turawa na biyan kuɗi su je tafkin Nasir a Masar don su ja shi da irin koton da ke akwatina. Amma shi ruwa mai zurfi da iska yake so, ba ya zaman kududdufi. Saboda haka na ɗauki akwati na nufi Goronyo.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan madatsar Goronyo ba zai raina Rima. An gama ta a 1984, bangonta ya haura kilomita 12, kuma in ta cika tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Mun ga fushinta a ambaliyar 2010, mun kuma ji a 2018 ruwanta ya ja har saura kusan kashi ɗaya cikin goma. A can na yi hayar mai jirgi ya kai ni inda ruwa ya ɗan yi haske, na ɗaura koton da ya fi kowanne tsada, na gaske ba jabu ba, na jefa. Ina cikin naɗowa na ji an fizgi sanda har ta lanƙwasa. Kafin in ce innalillahi zare ya dawo fayau, an datse shi tas. Mai jirgi ya ce tsage ne, ɗan madaidaici ma, kuma kowa ya san ba a nemansa sai da waya a gaban ƙugiya. Ni ma na sani. Wayar tana gida cikin leda.

Wannan fizga ita ce jarina har yau. Kafin mota ta kawo ni gida tsage ya zama giwan ruwa. Kowace kaka yana ƙara ƙiba a bakina, kuma in ba a tsawata mini ba ya kusa kamo wanda ya ci gasar Argungu ta 2020, mai kilo 78. Maganar Argungu ma ban cika son a tayar ba. Tun 1934 ake wannan biki, mutum ya faɗa kogin Matan Fada da homa da gora kawai ya rungumo kifin da sai an taya shi ɗauka. Ran da na ba dattijon nan labarin Perry da kilo 10 ɗinsa, cewa ya yi, “Nan duniyarsu ta ƙare?”

Dawowa hannu rabbana kullum kuwa sai da hujja, ita ma a wurin Amurkawa na aro ta. Tun 1972 masu shirya manyan gasanninsu suka fara sa a mayar da kifi ruwa da ransa bayan an auna. Na rungumi wannan sunna hannu bibbiyu. Duk wanda ya tambaye ni ina kamun, sai in ce na saki, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Dattijon ya ce bai taɓa jin wanda Allah ya miƙa wa arziki ya ce a mayar ba. Uwargida kuwa murmushi ta yi tana kwashe tuwo.

“Malam, gobe in ka kama, ka roƙe shi ya biyo ka ya gaishe mu, sai ka sake shi daga baya.”

Akwai hujjar da na fi jin kunyarta. Masu koton ƙarya sun ce kifi ya fi cafka da asuba da kuma gab da magariba, sa'o'in da a ƙasarmu yau ba mai hankalin da zai kasance shi kaɗai a bakin ruwa. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka mai da Isa da Sabon Birni: garuruwan da aka tasa, harajin da ake ɗora wa manomi kafin ya yanki geron da ya shuka, hanyoyin da ake bi da addu'a a baki. A Satumbar 2021 har layukan waya aka rufe mana, mutane na tafiya bakin iyaka neman sabis ɗin Nijar don su gaya wa 'yan'uwa suna da rai. Masuntan da su ke ci da iyalinsu ba su daina fita ba, suna fita ne da ransu a hannu, wasu sun bar tafkunan da kakanninsu suka sani. Ni da albashina ke zuwa ko na kama ko ban kama ba, sai na mai da wannan bala'i mayafi. In an ce Malam yaya fatsa, in girgiza kai in ce ai halin da ake ciki ne ya hana ni fita lokacin da kayana ke aiki. Mutane su yi shiru su tausaya mini. Ran da na faɗi haka a gaban wani da aka kora daga ƙauyensu, har ya yi mini addu'ar Allah ya kawo sauƙi, ban iya cin abincin dare ba.

Na yi ƙoƙarin nemo wa tsoron nan asali mai mutunci. Na ɗora shi a kan kurkunu, tunda ina yaro na ga ana naɗe ta a tsinke daga ƙafar mutane kaɗan-kaɗan, kwana da kwanaki. Hujja ce mai kyau, cutar ta wahalar da ƙasar nan kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da ita. Sai dai ƙanena ma ya gani, tare muke tsayawa, kuma shi yana iya cin ƙosai da hannu ɗaya yana tonon tana da ɗayan. Na gwada sauran koto kuma. Fara da shinge ina iya riƙe su, amma ƙananan kifi ke tsinke su kafin babba ya iso. Hanjin kaza tarwaɗa na so, ni ne dai in na dube shi a tafin hannu sai in tuna da wadda yake kama da ita.

Asiri ya tonu ne ta inda ban zata ba. Na karanta cewa a cikin duk koton ƙarya babu kamar tanar roba, wadda wani Ba'amurke, Nick Creme, ya fara zubawa a gidansa a jihar Ohayo a 1949. Na ce to ga sulhu, tana ce kuma ba tana ba. Aka kawo leda guda. Na zauna a tsakar gida bayan la'asar na farke ta, na zura yatsu. Abin laushi tuɓus, da wani maiƙo-maiƙo a jiki, ga zobba-zobba irin na ta gaske, kuma da na ɗago ɗaya sai ta karkaɗa jela. Ban san lokacin da na yi wurgi da ledar ba, na tsinci kaina a tsaye bayan turmi. Autata, wadda ba ta gama firamare ba, ta tsugunna ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta ja ɗaya ta miƙe ta saki.

“Baba, ai roba ce.”

Na ce na sani, santsi ne ya sa ta kuɓuce. Ta dube ni, ta dubi nisan da ke tsakanina da tabarma, ta ruga ɗakin uwarta. Na jira dariya ban ji ba. Da dare uwargida ta ce in kwantar da hankalina, ita tun daminar farko ta aurenmu ta sani, ran da na daka tsalle a bakin randa na ce kunama ce, ta duba ta ga abin da ta gani ta share. Ƙanena ma ya sani, shi ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa unguwa. Kifi na ganinka, mai jar koma. Duk wa'azin da na sha yi a majalisar mai shayi, ashe da saninsu suke gyaɗa kai suna ƙara mini tambaya don in ci gaba.

Yanzu mun yi yarjejeniya da wani yaron maƙwabta. Da hantsi muke fita, tafkin da ke jikin gari, inda ake jin muryar mutane. Shi ke tono, shi ke riƙe gwangwani, shi ke sokawa, ni kuwa in juya baya ina duban sama har ya ce an gama. Biya nake a kan kowace tana, kuma bana ya ƙara kuɗi, wai komai ya tashi. Da na nemi ragi sai ya miƙo mini gwangwanin ya ce in sa da kaina, na biya. Tarwaɗa na kamuwa, miya ta canza, uwargida ta daina aiken gaisuwa. Akwatin dai ina tafiya da shi, in buɗe shi a gefe yadda mai wucewa zai gani, kuma in kifi ya fito nakan yi saurin cire ƙugiya kafin a matso a ga abin da ke jikinta. Kwaɗon roba yara sun sace, ina jin yana can ana tsorata 'yan mata da shi a makarantar allo. Shekaranjiya ɗan yayana ya turo mini hoton wani sabon koto da aka ce an yi shi musamman don ruwa mai laka, yana ƙara, yana kuma fitar da wari. Na ce masa ya riƙe mini guda biyu sai an yi albashi.